Baƙon Ganye

Shekara ashirin da shida ina kan tebur
a bakin tashar Maigatari.
Butocin da na ƙona sun fi gaban lissafi,
ganye kuwa, tun yana kwali nake gane halinsa.
Sai ga Tanimu, ɗan ƙanwata,
mai yi wa wani ɗan Sin awon zoɓo,
ya dire mini gwangwani, bai kai na tumatir ba.
Ya ce, "Kawu, tukuici aka ba ni. Sunansa ulon."

Na buɗe, na yi dariya har da tari.
Tanimu, ai wannan kashin awaki ne!
A ƙudundune, kore bai kore ba, baƙi bai baƙi ba.

Na yi masa irin tarbar da nake wa kowa:
ruwan rijiya, wuta har sai da ya yi kumfa,
citta, kanumfari, sukari cokali uku.
Ya fito da ɗacin rai.
Ilu direba ya kurɓa, ya tofar,
ya ce in mayar wa mai shi.

Wata biyu gwangwani na kwance a bayan fitila,
har aka yi ruwan shuka.
Azumi ta tari na indararo, ta cika randa.
Ta ce, "Malam, ba kowane baƙo ake tara da yaji ba.
Rijiyarmu kanwa gare ta, ko wake shaida ne."

Na tuna abin da yaron ya faɗa ban saurara ba:
ɗan kaɗan, kada ya hau wuta,
a kai masa ruwan inda yake,
na farko kuma a zubar.
A zubar? Raina bai so ba,
na dai ba wa gindin lalle ya sha.

A zubi na biyu ya motsa.
Ƙwaya ta yi miƙa kamar wanda ya sha barci,
ta saki hannu, ta saki ƙafa,
ashe ganye ne sukutum, har da jijiyarsa,
gefensa ja, kamar yatsan da ya kwana da ƙunshi.
Ruwan ya yi kalar man shanu a narke.
Ƙamshin tumu ne a bakin garwashi,
sai kuma wani fure ya gilma ta bayansa,
na bi shi da hanci, ban san sunansa ba.

Na kurɓa, shiru.
Na haɗiye, ina shirin raina shi,
sai zaƙi ya taso daga maƙogwaro,
irin na ruwan da aka sha a bayan goro.

Na uku ya fi baki.
Na huɗu ya sassauta murya.
Na biyar ya zo da sanyin wani dutse mai hazo,
ni da ban taɓa hawan abin da ya wuce jigawa ba.
Muka kai bakwai, ni da Azumi, kan tabarma ɗaya,
kwaɗi na ta nasu a kududdufi,
ba wanda ya nemi sukari.

Ta ɗauki ganye guda, ta shimfiɗa a tafinta.
Ta ce, "Hannu ne ya murza wannan, ɗaya bayan ɗaya."
Ta dubi yatsunta da ɓarar zoɓo ta rina.
"Ko mai shi ta taɓa shan namu?"

Da safe ina nan kan teburina,
madara, burodi, ƙwai biyu a soya.
Ilu ya ce, "Ina wannan mugun ganyen?"
Na ce yana nan, bai ce a gaishe ka ba.

Daren jiya na juye shi a faifai na ƙirga:
saura ƙwaya sittin da ɗaya.
Randa ta yi rabi,
gero kuma ya fara fitar da kai.